Ƙamus ɗin Oxford na intanet: an gwada shi da "put off"

Hanya mafi sauƙi ta gane ingancin ƙamus ɗin Turanci ita ce a jefa masa aikatau mai ɗan rakiya, wanda malaman nahawu ke kira phrasal verb. Kalma ce ta aikatau da ake liƙa mata wata 'yar ƙaramar kalma kamar off, up ko out, sai ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Bahaushe ya san irin wannan a harshensa. "Sa" dabam, "sa baki" dabam, "sa rana" dabam, "sa ido" kuma dabam, kuma baƙon da ya haddace ma'anar "sa" da "baki" ba zai gane wanda ya sa baki a rigima ba. Haka put yake a Turanci, shi ya sa aka ɗauki put off don auna shafin Oxford Learner's Dictionaries.

Shafin na maɗaba'ar Jami'ar Oxford ne, kuma tushensa shi ne ƙamus ɗin nan na A. S. Hornby da ɗalibai a Najeriya suka daɗe suna ɗauka zuwa makaranta. Hornby malamin Turanci ne da ya koyar a Japan, kuma Oxford ta fara buga aikin nasa a 1948. Tun asali don masu koyo aka tsara shi, ba don 'yan Ingila ba, kuma wannan ya fito fili a yadda yake bayani. Duba kalma a shafin kyauta ne, data kawai ake buƙata.

Idan ka rubuta put off a akwatin nema, kai tsaye zai kai ka shafinsa na kansa. Wannan sauƙi ne babba, domin a bugun takarda sai ka bi dogon bayanin put har ƙarshe, ka wuce salon magana, kafin ka iske sashen da aka yi wa alamar PHR V.

Ma'anar da aka fi amfani da ita ita ce ɗage abu zuwa wani lokaci. Lokacin da hukumar INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairun 2019, mai Turanci zai ce the election was put off for a week. A nan ne ƙamus ɗin ya fi burgewa, saboda wata 'yar alama da yawancin masu amfani da shi ba sa lura da ita: kibiya mai kai biyu. Za ka ga an rubuta put something ↔ off. Kibiyar na nufin karɓau (abin da aikin ya faɗa wa) zai iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe, wato put the meeting off da put off the meeting duk daidai ne. Duba look after, ba za ka ga kibiyar ba, domin ba a raba shi, ba a cewa look the child after. Wanda ya fahimci wannan alama guda ya huta da haddar jerin waɗanda ake rabawa da waɗanda ba a rabawa.

Sai dai kibiyar ba ta faɗi komai da komai ba. Idan karɓau wakilin suna ne, kamar it, him, her ko them, dole ya zauna a tsakiya. Put it off ake cewa, put off it kuskure ne. Wannan ƙa'ida ba ta bayyana a jikin alamar, sai dai mutum ya tsinto ta daga misalai ko ya riga ya san ta, kuma tana iya kayar da ɗalibai a tambayoyin cike gurbi na jarrabawa. Akwai kuma wata dabara ta masu harshen: idan karɓau ya yi tsawo, a ƙarshe ake ajiye shi. They put off the meeting with the parents of the new students ya fi daɗin ji a kan a jefa off can bayan kalmomi tara, inda mai sauraro ya riga ya manta da put.

Wani abin da shafin ya nuna sarai shi ne tsarin put off doing something. Aikatau da ya biyo baya da -ing yake ƙarewa: he put off going to the hospital. Kuskuren da ake yawan yi shi ne put off to go, saboda an saba da want to go da decide to go. Shi put kuma ba ya sauya siffa a shuɗaɗɗen lokaci, yau put, jiya ma put.

Idan karɓau mutum ne, ma'ana ta koma wani wuri, kuma ƙamus ɗin ya ware su da lambobi. Akwai yi wa mutum gobe-jibi ko janye alkawarin haɗuwa da shi, kamar mai bin bashi da kullum ake ce masa ya dawo: he keeps putting me off. Akwai sa abu ya fita daga ran mutum: the smell put me off the food, wato warin ya sa abincin ya fita raina. Daga nan aka sami off-putting, abin da ke korar sha'awa. Akwai kuma ɗauke wa mutum hankali yana tsakiyar aiki. A zancen yau da kullum na Birtaniya, ma'anar fita rai ɗin nan tana yawo sosai, ga shi kuma ita ce ba a cika koyarwa a aji ba.

Kada a haɗa shi da call off, wanda ke nufin sokewa. Gasar Olamfik ta Tokyo ɗage ta aka yi daga 2020 zuwa 2021, ita ce put off. Gasar tanis ta Wimbledon ta 2020 kuwa soke ta aka yi, ita ce called off. Sakataren da ya musanya su a takardar sanarwa ya sallami mutane daga taron da har yanzu yana nan. A wasiƙar ofis ma postpone ya fi dacewa, put off na baki ne da saƙon waya. Game da kashe fitila da ake ce wa put off the light a Turancin Najeriya, kowa zai gane, amma a jarrabawa turn off ko switch off ne ba su da gardama. Wutar gobara kuma put out ake yi mata.

Shafin yana da maɓallan sauti biyu, na lafazin Birtaniya da na Amurka. Wajen furta put off, nauyin murya a kan off yake sauka, ba a kan put ba, kuma kalmomin biyu haɗewa suke kamar guda.

Rauninsa a bayyane yake. Babu fassarar Hausa ko kaɗan, bayanin duka da Turanci ne, ko da yake an taƙaita shi cikin kalmomi kusan 3000 da aka fi sani. Wanda bai kai matakin karanta gajeren labarin jarida ba zai sha wuya. Tallace-tallace suna cin wuri a ƙaramar waya kuma suna jan data, in babu sabis kuma babu ƙamus. Manhajarsu ta waya ta kuɗi ce. Ga ɗan sakandare, mai shirin JAMB ko ma'aikacin da ke rubuta wasiƙu, shafin kyauta ya wadatar, muddin zai karanta tsarin da aka rubuta da baƙi mai kauri da misalan da ke ƙasa, maimakon ya tsaya a ma'ana ta farko ya rufe.