Gargaɗi ga masu shirin hawan Kilimanjaro: ku yi lissafi kafin ku tura kuɗi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, don babu mai son a ji an yi masa wayo da girmansa. Amma shekaranjiya na ga shafin nan mai tallar kai mutane Kilimanjaro, wanda ya damfare mu, ya sake ɓullowa a Instagram da sabon suna, hotunan kuma su ne dai, har da na wani mai jar hula yana dariya a gaban allon Uhuru, wato ƙololuwar dutsen. Sai na ce shiru ba zai yi ba.

Mu huɗu ne, abokai, da muka saba hawan Goron Dutse da sassafen Asabar don motsa jini. Hira ta kawo hira, wani ya ce me zai hana mu gwada Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Afirka, mita 5,895. Chappal Waddi na Taraba, da muke alfahari da shi a Najeriya, bai ma kai rabinsa ba. Dokar can kuma ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba, sai da ɗan jagora mai lasisi. Dole ke nan ka bi ta hannun wani, kuma a nan ne ɓarayin zaune suka shimfiɗa tabarmarsu.

Abin da ya kama mu shi ne Hausa. Muna aika wa mai shafin saƙo sai ga amsa da murya: "Alhaji, ai ku 'yan gida ne, ba zan yi muku farashin Turawa ba." Ya ce ya shekara da shekaru a Moshi, garin da ke gindin dutsen, yana da ofis da yaransa. Kwana shida ta hanyar Machame, dala 750 kowane mutum, a ciki har da ɗauko mu daga filin jirgi, otal, tanti, abincin halal, mai dafawa da 'yan dako. Biza kuwa, wai muna sauka za a buga mana. Sharaɗi ɗaya: mu tura rabi cikin kwana biyu, don gurbi huɗu kacal suka rage. Har ya "sauƙaƙa" mana, ya ce mu tura naira a wani asusu na nan gida, kada mu sha wahalar neman dala. Asusun da sunan mutum yake, ba na kamfani ba. Na lura da haka, na kuma kau da kai. Muka tura, ya aiko da rasit mai tambari har kala uku.

Wanda ya farkar da mu shi ne akantan cikinmu, mutumin da ko kuɗin shayi sai ya rubuta. Ya nemo jadawalin kuɗaɗen TANAPA, hukumar da ke kula da gandayen dajin Tanzaniya, ya zauna da biro. Baƙon da ba ɗan Gabashin Afirka ba yana biyan dala 70 a kowace rana ta zama cikin gandun, dala 50 a kowane daren kwana a tanti, da dala 20 kuɗin ceto. Kwana shida da dare biyar, dala 690 ke nan. Ka ɗora harajin kashi 18 cikin 100, ka haura dala 800. Wannan kuɗin hukuma ne zalla, ba a sayi ko ƙwayar shinkafa ba, ba a sallami ɗan dako ko ɗaya ba. To mai karɓar 750 daga aljihunsa zai cika, ya kuma ciyar da mu kwana shida saboda Allah? Lissafin minti biyar ne, da mun yi shi tun farko da ba a kai ga haka ba.

Maganar biza ma ƙarya ce. Mai fasfo ɗin Najeriya ko na Nijar ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai an nema tun daga gida, hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince, kuma abin yana ɗaukar makonni. Da mun yanki tikiti a kan maganarsa, da asarar ta ninka.

Muka ce ya turo lasisin kamfaninsa na TALA, wanda duk mai harkar yawon buɗe ido a can yake riƙe da shi. Ya turo hoto dishi-dishi, an datse wajen suna. Muka ce ya kira mu ta bidiyo daga ofis, ya ce sabis ba kyau. Muka ce to ya maido da kuɗinmu, ya ce, "Haba Alhaji, zargi tsakanin Musulmi?" Washegari ya toshe mu duka huɗun. Mun kai ƙorafi banki, mun kuma kai rahoto inda ya dace, har yau muna jira.

Daga baya da na nutsa cikin bincike, sai na ga namu ma da sauƙi, tunda kuɗi kawai muka rasa. Akwai masu araha da za su hau da kai da gaske, amma su rage kwanaki don kuɗin gandu ya ragu. A irin wannan tsawo iska tana yin ƙaranci, jiki yana bukatar lokaci ya saba, shi ya sa jagororin can ba su da kalma sai "pole pole", wato sannu sannu. Wanda aka yi wa gaggawa yakan fara da ciwon kai da amai, in an matsa ruwa ya taru a huhu, kuma ana mutuwa. Sansanin Barafu, inda ake tashi da tsakar dare a nufi ƙololuwa, ya haura mita 4,600. Jagoran da ba ya ɗauke da na'urar auna iskar jini da tukunyar iska, ba shi da abin da zai yi maka a can sai ya gaggauta saukowa da kai. Sauran gibin kuma a wuyan 'yan dako ake cike shi: ƙa'ida kilo 20 ce, amma a lafta musu fiye da haka, ga ƙaramin lada, ga kwana cikin sanyi ba rigar kirki. Akwai ƙungiyar KPAP da ke sa ido kan haƙƙinsu, tana kuma fitar da sunayen kamfanonin da suka yarda a riƙa duba su. Ni yanzu daga nan nake fara dubawa, sannan in nemi a rubuto min farashi dalla-dalla, kuɗin gandu daban, ladan ma'aikata daban, kuma asusun ya zama na kamfani mai suna ɗaya da na kan lasisi.

Sabon shafin nasa ya ƙara da Dutsen Kenya da Toubkal na Maroko. Kilimanjaro ya sauko da shi dala 700, an rubuta "saura gurbi uku". A ƙasa na ga wata baiwar Allah tana tambayar lambar asusu, na aika mata da lissafin akantanmu.