Filashar ProChip 11 a kamun kifin salmon: inda take aiki da inda take ba da wahala

Duk wanda ya leƙa jiragen da ke cika bakin Kogin Columbia, a arewa maso yammacin Amurka, a watan Agusta zai ga kan sandunan fatsa suna ɗaga kai suna sunkuyawa a jere, kamar masu sallama. Abin da ke girgiza su wani faifan roba ne mai tsawon inci 11, wajen santimita 28, an manna masa takarda mai ƙyalli, ana jan sa a ƙarƙashin ruwa yana kewayawa. Masunta na kiran sa filasha, kuma ProChip 11 ta kamfanin Pro-Troll na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Tun wajen tsakiyar shekarun 2010 irin wannan filasha mai cikakken kewaye ta fara ture tsohuwar hanyar jan kifin herin a bayan filasha mai kusurwa uku, musamman a Columbia. Ta cancanci sunan da ta yi. Sai dai mai saye ya sani cewa kuɗinta shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai kashe.

Ga yadda take. Gaban faifan siriri ne, bayansa ya fi faɗi, kuma dukkan bakunan biyu an ɗan lanƙwasa su. A ɓangaren baya akwai wani ɗan fiffike da aka kafa a karkace, kuma shi ne sirrin aikin. Tsofaffin filashun teku ba sa kewayawa sai jirgi ya yi gudu sosai, amma wannan fiffike yana kama ruwa ya tilasta wa faifan juyawa ko da ana tafiya a hankali. Duk kewaye ɗaya, wutsiyar faifan tana fizgar abin da aka ɗaura a bayanta, sai ya yi tsalle gefe ya dawo kamar ƙaramin kifin da ke neman tsira. Salmon yana hango walƙiyar daga nesa, yana jin bugun ruwan a jikinsa, ya matso, ya tarar da wani ɗan abu yana gudu a baya. Akwai kuma wani ɗan bututun ƙarfe da kamfanin ke kira EChip, wanda ya ce yana fitar da ƙaramin motsin lantarki irin na jikin kifi. A ganinmu ba don shi za a saye ta ba. Filashun wasu kamfanoni masu fiffike, irin su Shortbus, ba su da wannan bututu kuma suna kama kifi sosai. Fiffiken ne ke aiki.

Kuskuren farko da sabon hannu ke yi shi ne ɗaura ta a juye. Siririn baki yana fuskantar sanda, ɓangaren fiffike yana fuskantar ƙugiya. In aka juya ta, sai ta riƙa wulwulawa ba tsari tana murɗe zare.

Sauran haɗin kuwa yana da tsari da ba a tsallake shi. Babban zare ya zama saƙaƙƙe mai ɗaukar laba 50 zuwa 65. A kansa ake zura mazari mai zamewa, a rataya dalma mai nutsar da zare a jikinsa da guntun zare mai rauni, kamar mai laba 15 ko 20, domin in dalma ta maƙale a ƙasa ita kaɗai za ta tsinke, filasha ta tsira. Sai ƙwallayen roba biyu su kare ƙulli, sai mahaɗi mai juyawa. Daga nan sai igiyar tsakiya mai kauri, laba 150 zuwa 200, tsawonta inci 18 zuwa 24, wadda ke haɗa mahaɗin da gaban filasha. Kaurinta ba don ƙarfin kifi ba ne; taurinta ne ke hana ta naɗewa a babban zare. Tsawonta kuma shi ke yanke faɗin kewayen: gajeriya tana ba da kewaye matsattse mai sauri, doguwa tana ba da faffaɗa mai nauyi. Bayan filasha sai zaren ƙugiya mai laba 30 zuwa 40. In sifina ce, wato ɗan ganyen ƙarfe mai juyawa, girma 3.5, inci 24 zuwa 30 ya isa. In robar Brad's Super Bait ce da ake buɗewa a cusa mata kifin tuna na gwangwani, ana iya kai shi inci 36. In zaren ya yi tsawo ainun, fizgar wutsiya ba ta isa ƙugiya, an yi asarar dalilin sayen filashar gaba ɗaya. In ya yi gajarta ainun kuma, abin yana tsalle fiye da kima, kifi ya kawo cafka ya kuskure.

A nan ne kuɗi ke fita. Faifan yana jan ruwa da ƙarfi, don haka dalmar da ta isa filasha mai kusurwa uku ba za ta isa wannan ba. A bakin Columbia ana amfani da oza 12 zuwa 20, wato daga giram 340 zuwa fiye da rabin kilo. Sanda mai laushi ba za ta ɗauki wannan ba. Ana bukatar mai tsawon ƙafa goma da rabi, mai ƙarfin gindi da laushin kai. Ana kuma bukatar manaɗin zare mai ƙirga ƙafafun da aka saki, domin ba tare da shi ba babu yadda za a maimaita zurfin da kifi ya ci. Wanda ke da ƙaramar sanda da ƙaramin manaɗi, ProChip 8 ta fi masa sauƙi, ko da yake bugunta bai kai na babbar ba.

Wurin da ta fi nuna kanta shi ne kamun Buoy 10, daga jar alamar ruwa mai lamba 10 a bakin teku zuwa Tongue Point, sama da garin Astoria, wanda aka saba buɗewa ranar 1 ga Agusta. Yanayin wurin ya dace da ita ƙwarai. A ƙarshen bazara ruwan kogin yana ɗumama har ya kai wajen digiri 21 a ma'aunin Salshiyas, alhali ruwan teku yana da sanyi sosai. Salmon ba ya son ɗumi. Idan teku ta fara cika, ruwan gishiri mai sanyi da nauyi yana kutsowa ta ƙarƙashin ruwan kogi, kifi kuma ya biyo shi, ya wuce Hammond, ya bi gefen rairayin Desdemona, har ya haura gadar Astoria-Megler da aka buɗe a 1966. Mai jirgi yana bin wannan ruwan sanyi ne, yana duba ma'aunin zafi da na'urar ganin ƙasa. Ruwan yana da zurfi, ƙafa 20 zuwa 50 a yawancin hanyoyin da ake bi, ƙasansa yawanci yashi ne, kuma kifi a warwatse yake cikin faɗin da ya kai kilomita shida. A irin wannan fili, abin da ke kiran kifi daga nesa ya fi abin da sai kifi ya ci karo da shi. Ga wata riba kuma: a ruwa mai ɗumi kifin herin yana saurin laushi ya yage daga ƙugiya, amma sifina ba ta lalacewa, tana aiki daga asuba har a tashi.

Nau'in salmon biyu ake nema, kuma kowanne da wurinsa. Chinook, babban, ya fi zama kusa da ƙasa, kuma ya fi ci a ranakun da bambancin cika da janyewar teku bai yi yawa ba. Coho ya fi ƙanƙanta, ya fi yawo a sama, yana son gudu, yana kuma shigowa da yawa a manyan cikar ruwa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Don Chinook, a saki zare a hankali, babban yatsa a kan manaɗi, har dalma ta taɓa ƙasa, sannan a naɗo zagaye biyu ko uku. Wannan naɗowa dole ce, domin faifan yana kewayawa ƙasa da layin dalma, in ya riƙa dukan yashi zai daina juyawa kuma ƙyallinsa ya goge. Wanda ya saki zare da gaggawa kuwa, dalma za ta riga filasha nutsewa, zaren ƙugiya ya naɗe a babban zare, ya yi rabin awa yana jan tarkace bai sani ba.

Gudun jirgi ba a na'ura ake karanta shi ba, a kan sanda ake karanta shi. Ana son ta riƙa bugawa kamar sau ɗaya a daƙiƙa, bugu mai nauyi mai tsari, zare kuma ya shiga ruwa a karkace wajen digiri 45. In bugun ya yi rauni, a ƙara wuta. In ya koma karkarwa, a rage. In ya tsaya cak, ciyawa ce ko naɗewa, a ɗago a duba. Na'ura tana nuna gudun jirgi a kan ƙasa ne, filasha kuwa gudun ruwan da ke ratsa ta take ji, kuma a wurin da ruwan sama da na ƙasa ke tafiya daban, lambar na'ura tana ɓatar da mutum. Idan sanduna huɗu ne ko shida, na gaba su ɗauki dalma mai nauyi da gajeren zare, na baya mai sauƙi da dogon zare, kuma a riƙa juya jirgi da faɗi. Juyi ɗaya mai kaifi yana iya haɗa filasha uku su zama dunƙule.

Babban aibinta shi ne kuɓucewar kifi bayan ya kamu, kuma duk wanda ya ce ba haka ba bai daɗe da ita ba. Faifan yana tsakanin mutum da kifinsa. Idan kifi ya girgiza kai ko ya juyo da gudu wajen jirgi, faifan yana tokare ruwa, zaren da ke bayansa ya saki, ƙugiya ta faɗi. Abin ya fi muni da ƙugiya marar ƙaya, wadda ita dokar kamun salmon a teku da babban kogin ta saba bukata, ya kuma fi muni da coho mai yawan birgima a saman ruwa. Maganin bai cika ba amma yana ragewa. Kada a fizgi sanda idan kifi ya taɓa. A bar ta a mariƙinta har ta lanƙwashe zare ya fara fita. Kada a kashe inji, jirgi ya ci gaba da tafiya a hankali don zare ya zauna a miƙe. A riƙa naɗewa ba tsayawa, ba ɗaga sanda sama da ƙasa. Mutane da yawa suna ƙara wani maƙalli da ke sakin bayan faifan idan kifi ya ja, sai ya miƙe ya daina tokare ruwa, kuma wannan ƙari ya cancanci kuɗinsa. A bakin jirgi ma akwai aiki: daga dalma zuwa ƙugiya yakan kai wajen mita ɗaya da rabi, don haka mai sanda sai ya naɗo dalma har kan sanda, ya ja da baya, sannan mai koma ya samu kifi. Kafin a ɗago shi a dubi ɗan fiffiken kitse da ke bayansa kusa da wutsiya. In an yanke shi, kifin gidan ƙyanƙyasa ne. In yana nan, na daji ne, kuma coho na daji a wannan wuri sakinsa ake yi yana cikin ruwa. Hukumomin kifi na jihohin Oregon da Washington suna sauya ƙa'ida duk shekara, wani lokaci su rufe kamun Chinook a tsakiyar kaka, saboda haka a duba sanarwarsu kafin a fita. Ƙaramin jirgi kuma kada ya yarda janyewar ruwa mai ƙarfi ta same shi kusa da bakin teku. Ba banza ake kiran wurin maƙabartar Fasifik ba.

A mashigin Tillamook, wani lungun teku a gabar Oregon kudu da bakin Columbia, labarin ya bambanta. Koguna biyar ke zuba a cikinsa, Wilson da Trask da Kilchis da Miami da Tillamook, kuma Chinook na kaka yana shigowa daga Satumba zuwa Oktoba. A ƙasan mashigin, tsakanin katangun duwatsu da wajen Garibaldi da ramin Ghost Hole, akwai zurfin da filasha za ta kewaya, kuma tana kamawa. Matsalar ciyawar ruwa ce. Babbar janyewa tana tsinko ta daga fadamun mashigin ta watsa ko'ina, sai ta bi zare ta sauko ta lulluɓe fiffike. Zare guda na ciyawa ya isa ya kashe kewayen. A irin ranar nan mutum yana ɗagowa duk minti biyar ko goma, kuma filasha mai kusurwa uku da yankakken herin ta fi haƙuri, domin ita a kan layi take juyawa, ba ta jan ruwa sosai. A saman mashigin kuwa, inda ruwa bai wuce ƙafa shida zuwa goma ba, babu filin kewaye sam. Babbar sifina ita kaɗai da 'yar dalma ta fi dacewa.

Launi shi ne abin da ake yawan gardama a kai, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Mai ƙyallin azurfa ɗaya da mai ratsin kore ko ja ɗaya sun isa kowace sanda, da ɗaya a ajiye saboda tsinkewa. Abin da ya fi launi shi ne kulawa: a wanke da ruwan daɗi bayan kowace fita, a goge man kifi da sabulu marar ƙamshi, a juya mahaɗan da yatsa a tabbatar gishiri bai daskarar da su ba, a ajiye kowace a aljihunta don kada su goge juna.

Da ruwan sama mai ƙarfi na farko ya sauka a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, kogunan suna tasowa, kifin da ya yi makonni yana jira a mashigi ya haura Wilson da Trask cikin kwana ɗaya ko biyu. A can ramukan ƙanana ne, ga kututture a ƙasa, kuma aikin ya koma na ƙwan kifi a ƙarƙashin abin shawagi, ko robar Kwikfish da aka ɗaure wa tsokar sadin a ciki. ProChip ba ta da wurin kewayawa a waɗannan ramuka, sai a bushe ta a ajiye har Agusta mai zuwa.