Metsovo, garin makiyayan da nononsu ba ya lalacewa

'Yan uwa, duk wanda hunturu ya same shi a Girka ya daure ya hau Metsovo. Tsohon gari ne a kan tsaunukan Pindus, tudunsa ya haura mita 1,100, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga birnin Yannina ta babbar hanyar Egnatia, wadda aka huda duwatsu aka shimfiɗa.

Dusar ƙanƙara da gidajen dutse suna da kyau, amma cukun garin ne ya tsaya mini a rai. Mutanen nan, Vlach, asalinsu makiyaya ne, su hau tsauni da bazara su gangaro da sanyi, kamar Fulaninmu. Sai dai nononsu ba ya kwana ya lalace. A tsinka shi, a murza curin cikin ruwan zafi har ya yi danƙo, a mulmula shi dogo kamar taɓarya, a rataye shi aƙalla wata 3, sannan a turara shi da hayaƙi. Shi ne metsovone, ɓawonsa ja-ja, yana ƙamshin banda. Tun 1996 Tarayyar Turai ta hana kowa amfani da sunan sai 'yan yankin.

Kuma wa ya kafa masana'antar cukun? Gidauniyar Tositsa, da dukiyar wani attajiri ɗan asalin garin da ya zauna Suwizalan, ya bar wa garin kakanninsa. Mu fa? Da damina nono ya yi yawa, Bafulatana ta wuni da ƙwarya a ka cikin rana, na yamma ya yi tsami ta sayar a wulaƙance, mu kuma mu je kanti sayen madarar gwangwani daga Turai. Cukun Nijar ya isa shaida cewa mun iya. Masu kuɗinmu ne hankalinsu ke kan fuloti da gidan mai. Duk da haka, wallahi ko cukun nan bai kashe mini kwaɗayin fura da kindirmo ba.

Wahalar garin ma a sani. Titunan ciki dutse ne da gangare, da asuba ƙanƙara ta daskare a kai, takalmi mai santsin tafi zai kayar da mutum. Motar haya ba kullum take zuwa da sarƙar taya mai hana santsi a ƙanƙara ba, a tambaya tun wurin karɓa. Ana ɗaura ta a tayoyin da ke jan mota, kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa, a cire da zarar an hau busasshiyar kwalta, in ba haka ba ta tsinke. Ɗakin kwana yana tsada lokacin Kirsimeti da ƙarshen mako.

Gasasshen naman da ƙamshinsa ke cika dandali, kontosubli, galibi alade ne. Kalma biyu za a riƙe: "hirino" alade, "arni" rago, shi ma a tambayi ko tsinke ɗaya aka gasa su. Banɗakinsu babu wurin tsarki da ruwa, a sa ƙaramar buta a jaka.