Ajin tsohuwar rawar tango a Yaba: Asabar huɗu da muka yi

Ni da maigidana mun yi Asabar huɗu muna tashi daga Agege zuwa wani ɗakin koyon rawa a Yaba. Abin da ya ja ni shi ne malamar tana koyar da canyengue, tsohon salon tango na unguwannin talakawan Buenos Aires, babban birnin Argentina, da Montevideo, babban birnin Uruguay. Kafin mu biya na tambaya ko ana musayar abokin rawa, ta ce kowa da nasa. Shi ya sa muka shiga.

Ranar farko ko taku ɗaya ba mu yi ba. Ta kunna mana candombe, kiɗan jikokin bayin da aka kai Uruguay daga Afirka, mai ganguna uku: chico, repique da babbarsu da ake kira piano. Sai ta nuna bidiyon makaɗan unguwar Barrio Sur ta Montevideo sun jera ganguna kewaye da wuta suna gasa fata kafin su fita titi. Nan jikina ya yi sanyi. Kakana makaɗin gangar noma ne a ƙasar Zazzau, kuma in damina ta sa fata ta saki, haka yake kara ta a wuta, yana ɗan bugawa da yatsa har muryar ta dawo.

Rawar kanta gwiwa a lanƙwashe ake yin ta, taku gajere, a tsaya cak sannan a ɗora. "Hajiya, ba ƙasa nauyinki," in ji malamar, tana dafa kafaɗata. Tana koyarwa tana ba da tarihi: ƙidayar 1778 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Buenos Aires 'yan asalin Afirka ne, kuma Rosendo Mendizábal, wanda ya tsara kiɗan tango mai suna El Entrerriano a 1897, baƙar fata ne. Bandoneon, abin kiɗan da ake ja ana matsawa da hannu biyu, wanda aka fi sanin tango da shi, daga Jamus ya zo.

Inda suka gaza: daɓen tayil ne mai santsi, kuma ƙarar janareta tana cinye amon babbar ganga a sifika. Ajin da ya ginu kan ganga ya kamata a ce akwai ko guda ɗaya da hannu zai taɓa, ga makaɗa birjik a Legas. Ajin ƙarfe 6 kuma yana cin magariba, babu wurin salla. Da muka yi magana ta mayar da mu na ƙarfe 4 ba musu.

Mun biya kuɗin wata mai zuwa. Maigida ya ce zai nemo aron ganga wurin wani makaɗi a Agege mu tafi da ita.