Kejin waya na zomaye: abin da na gani bayan wata tara

Shekara biyu ina kiwon zomaye a ƙasa, cikin tsohon ɗakin kaji a bayan gidanmu da ke wajen Zariya. Damina ce ta raba ni da wannan tsari. Ƙasa ta jiƙe, kashi ya cakuɗe da abinci, gudawa ta kama 'ya'yan da na yaye, cikin mako guda bakwai suka mutu. Likitan dabbobi ya ce koksidiyosis ne, ta kashinsu yake yaɗuwa, in ɗaga su daga ƙasa.

Wani mai walda ya haɗa mini keji mai ɗaki huɗu, ƙafafunsa sun kai ƙugu, da rufin kwano da 'yan famfunan shan ruwa da aka jona da jarka. Kuɗinsa ya kusa na akuya. Zomanya uku da namiji ɗaya ne a ciki, farare, jinsin New Zealand gauraye da na gida.

Maganar tsabta, ba ni da abin cewa sai godiya. Kashi yana zubowa ta raga, in share in kai wa lambun alayyafo, gudawar nan kuma ba ta dawo ba. Ɓera ya daina samun jarirai. Abin da ya fi daɗa mini shi ne yanzu ina da lissafi. Ina kai macen ɗakin namiji, don in aka kai mata shi faɗa take yi, in rubuta ranar a bango. Cikin zomanya kwana 31 ne, don haka a kwana na 28 nake saka mata akwatin katako da busasshiyar ciyawa, ita kuma ta tsige gashin cikinta ta shimfiɗa. Da can rami take haƙawa, sai dai in ga 'ya'ya sun fito.

Amma kejin ya zo da aibinsa. Ragar ƙasan siririya ce, ramukanta sun yi faɗi, ƙafar ƙanana tana zurmawa, babbar zomanyata kuma tafin ƙafarta ya yi gyambo sai da na sa mata falankin hutawa. Fitsarin zomo yana cin ƙarfe, kusurwar da suke yi har ta fara tsatsa.

Rufin kwanon ya fi ba ni wahala. A watan Afrilu sai na tarar da su a miƙe suna haki, kunnuwa jajawur. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunne yake rage zafin jikinsa, kuma zafi yana rage ƙarfin namiji. Barbara biyu na yi a bazarar ba wadda ta kama. Na ja kejin ƙarƙashin darbejiya, na ɗora zana a kan kwanon, da rana ina rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe. Nan suka dawo hayyacinsu.

Mazubin abincin na dusa ne kawai. Harawar wake da ta gyaɗa, da ganyen dankali da zogale da nake bari su ɗan yi yaushi, sai da na yi musu ragar ratayawa, in ba haka ba rabi a ƙasa yake ƙarewa.

Ranar yanka ma na ga amfanin kejin. Babu guje-guje, in buɗe ƙofa in kama zomon ta fatar wuya in tallabe bayansa, ba ta kunne ba, a fuskantar da shi alƙibla, a yi bisimilla da wuƙa mai kaifi. Nawa suna kai kilo biyu a wajen wata huɗu, bayan fiɗa kusan rabin nauyin ke saura, ya ishi farfesun gidanmu.

Na ba da aikin keji na biyu. Na ce wa mai waldan raga mai kauri marar tsatsa, rami rabin inci da inci ɗaya, rufin kuma ya bar mini, zana zan sa.