Wace kwamfuta ce ta dace da mai larurar gani?

Mai larurar gani da zai sayi kwamfuta, ya fara tantance manhajar da za ta riƙa karanta masa allo kafin ya tambayi farashi. Kowace babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya irin su Windows, da irin mai karatun da take ɗauka, kuma ba a ɗauko na wannan a sa wa waccan.

Windows ce ta fi yawan zaɓi. Tana zuwa da mai karatu mai suna Narrator a cikinta, ana kunna shi da madannan Ctrl da Windows da Enter, ya kuma isa a shiga intanet a sauko da wanda ya fi shi. Wanda ya fi shin shi ne NVDA, wanda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara a 2006. Kyauta ne, ba ya nauyi, kuma ana iya zuba shi a filash a tafi da shi shagon intanet ko ofis a yi aiki da kwamfutar wani. Sai JAWS na kamfanin Freedom Scientific da ke Amurka, wanda ke kan Windows tun 1995. Ƙwararre ne a aikin ofis, amma da dala ake biyan lasisinsa, wanda bai biya ba kuwa minti 40 yake samu, sai ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Idan ba makaranta ko wurin aiki ne za su biya ba, ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyi ba alhali ga NVDA.

Sai dai a kula da tsofaffin kwamfutoci 'yan Beljiyam da ke cike a irin su Beirut Road a Kano. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta hawa kan da yawa daga cikin tsofaffin. NVDA ma ya bar Windows 7 tun fitowar 2024.1. A sa mai shago ya nuna cewa Windows 11 ce a ciki, a bakinsa kawai bai wadatar ba.

Mac na kamfanin Apple tana da VoiceOver tun 2005, Command da F5 ke tayar da shi. Wanda ya saba da iPhone zai ji shi a gida, domin a can ma VoiceOver ne ke karatu. Matsalar biyu ce: tsada, da kuma cewa NVDA da JAWS ba sa aiki a kanta. Galibin ofisoshinmu da cibiyoyin koyon kwamfuta Windows suke amfani da ita, don haka mai Mac zai yi ta neman wanda zai koya masa.

Chromebook, kwamfutar da ke aiki da manhajar Google, ita ce ke ruɗin mutane, saboda arha. Mai karatu ɗaya take da shi, ChromeVox, kuma yawancin aikinta sai da intanet. Ga wanda data ke yanke masa a tsakiyar wata, arhar ba ta biya ba. Linux, wata babbar manhajar, da mai karatunta Orca kyauta ne, amma na bar su ga wanda ke da masani a kusa.

Ranar saye, a je da rubutun Hausa a filash, mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, a sa manhajar ta karanta. Muryar Turanci tana murɗe kalmominmu, gara mutum ya ji da kunnensa ko zai iya jurewa. Mai karatun Larabci ya tambaya a sa masa muryar Larabci, Windows da Mac duk suna da ita. A gwada sifika da ramin iyafis, a lalubi madannin Insert, domin da shi NVDA da JAWS ke karɓar umarni. In babu shi a wurin da yatsa ke kaiwa, ana iya mayar da aikin kan Caps Lock.