Jwan ɗin delko da aka sayar mini da sunan orijin

Land Cruiser FJ60 ce, mai injin 2F na silinda shida, gadon mahaifina, shi ya sa nake lallaɓa ta. Tun watan azumi take ɗigar da baƙin mai daga gindin delko, wato na'urar da ke raba wa silinda wuta, har ƙasar ƙofar gidanmu a Birni ta yi baƙi. Na je wani shagon kayan mota nan Damagaram na sayi fakitin jwan cikakke, wato abubuwan da ake sa wa a mahaɗun inji don hana mai ɗiga. Mai shagon ya ce, "Alhaji, orijin ne, ka ɗauka da ido rufe."

Kwana goma sha biyu kawai ya yi. Ina hanyar Mirriya da iyali na ji ƙaurin mai, na buɗe kafo, sai ga gefen inji jage-jage. Da bakanikena ya zare delko, zoben robar nan ya riga ya sandare, ya danna shi da farce ya tsage. Muka ɗora shi kan tsohon da na adana, ashe ma bai kai shi kauri ba. Roba maras kyau ba ta jure zafin inji, balle a haɗa da ranar Afirilu ta garin nan.

Kuma a 2F cire delko ba wasa ba ne, don ƙafarsa ce ke juya famfon mai. In bai zauna daram ba, inji zai tashi alhali mai ba ya hawa, ka lalata shi cikin mintoci. Sau biyu ke nan ana cire mini shi ana sake saita wuta saboda zoben da bai kai kuɗin shayi ba.

Gaskiya ba laifin zoben kaɗai ba ne. Bakaniken ya iske bawul ɗin numfashin inji ya toshe, iska na taruwa ciki tana turo mai ta duk inda ta samu. Jwan ɗin murfin sama na cikin fakitin kuma har yau bai yi gumi ba. Har na fara sassautowa.

Sai na koma shagon da zoben a hannuna, ya ce in shafa silikon in manta. Silikon, a wurin da gutsurensa zai iya faɗawa cikin mai! Nan raina ya ɓaci fiye da ranar Mirriya. Yanzu na Viton ne a ciki, wata roba mai jure zafi, wani ƙanena ya kawo daga Kano, wata uku ke nan ko ɗigo babu. Shagon kuwa ban sake takawa ba.